Sarkin da Yaya Ya Ƙi Yi wa Murabus

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Yaya ya riga ni komawa. Ya rasu wata Talata bayan la'asar a gidansa na Ƙuba, nan Madina, a shekarar da soja suka sake karɓe mulki can gida Najeriya. Ni ce ƙanwarsa, ciki ɗaya, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san shi tun bai san kansa ba. Ban yi boko ba, ban yi nisa a allo ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na gargaɗi mai rubutun kada a gyara mini ko kalma ɗaya, domin gyaran kalma shi ne abin da ya tayar da ni tsaye.

Da aka zauna makoki, an shimfiɗa wa maza dardumai a ƙofar gida, mu mata muna ciki, taga ɗaya ce tsakaninmu. Duk abin da aka faɗa a waje a kunnena ya sauka. Mutanen Kano sun zo, mutanen Damagaram sun zo, 'yan uwanmu na Sudan sun zo da manyan rawunansu. Malaman makarantar da yake koyarwa suka ce ba a taɓa rasa shi a sahun farko a Harami ba. Gaskiya suka faɗa. Ɗalibansa suka ce in ya warware maka nahawu sai ka rantse da Larabci aka haife ka. Wannan ma gaskiya ne. Aka yabi haƙurinsa, aka yabi gemunsa, har shayinsa aka yaba. Ina zaune ina jiran wani ya ambaci littafin da ya ba rabin rayuwarsa. Shiru. Manyan malamai, masu baki kamar ruwan famfo a kan mumbari, duk suka zagaye littafin nan kamar yadda ake zagaye kashin jaki a hanyar masallaci.

A ɗakin mata ne wata tsohuwa ta taɓo shi. Ta ja carbi ta ce, "Allah dai ya yafe masa tarihin arnan nan da ya ƙarar da idonsa a kai." Ɗaki ya amsa da amin. Ni ban amsa ba. Na dube ta har ta mayar da idonta kan carbinta.

Mutum ɗaya ne ya yi maganar a fili, wani dattijo mai aikin ban ruwa a gonakin dabino na bayan masallacin Ƙuba. Ya durƙusa gaban maza ya ɗaga murya ya ce, "Ni dai Malam ya rubuta kakannina, Allah ya saka masa." Na ji wasu suna danne dariya da tari. To bari in faɗi abin da suke wa dariya, don a san irin mutumin da aka rasa.

Littafin Yaya a kan Rumawa ne. Mu kuma mutanen ƙasar Katsina ne, kuma duk wanda ya fito daga can in ya ji an ce Rumawa, mutanen Ruma yake sani, nan kusa da mu. Ni ma da farko haka na ɗauka. Shi wannan dattijo Barume ne. Da labari ya kai masa cewa ga wani malami yana rubuta tarihin Rumawa, sai ya yi wanka ya sa rigarsa ta Juma'a, ya cika kwando da dabino, ya zo ya yi sallama. Ya ce ya zo a sa kakansa a littafi, don shi ma ya yi yaƙi. Da wani ne, da ya fashe da dariya ya sallame shi. Yaya ya shimfiɗa masa buzunsa na salla, ya ɗauko farar takarda ya ce, "Fara daga kakan kakanka." Tun hantsi suke har aka kira azahar. Ya rubuta masa zuriyarsa kaf da kyakkyawan rubutu, ya naɗe ya ba shi, sannan a hankali ya ce, "Baba, Rumawan littafina waɗansu ne, na hayin bahar, sun mutu tun kafin Annabi Isa. Amma naka sun fi su buƙatar takarda, don su nasu an rubuta." Mutumin ya tafi da takardarsa a aljihun ƙirji kamar laya. Wannan shi ne abin dariyar.

Yadda Yaya ya haɗu da waɗancan Rumawa kuwa, a hanya ne. Muna yara iyayenmu suka taso da mu zuwa hajji a ƙasa, guzuri ya ƙare a Sudan, muka zauna shekaru. Ni aka koya mini tuyar waina, shi ya samu aikin share shagon littattafai na wani Bature a bakin bahar. A nan ya koyi baƙaƙensu, daga nan ya wuce Masar karatu, ya iske mu a Madina da gemu da akwati mai nauyin tsiya. Abin da yake cewa kullum shi ne, "Allah ya sa sunan mutanen nan a kan sura sukutum, muna karantawa a salla, amma ka tambayi malami su wane ne kakanninsu sai ya kama gyaran rawani."

Da mijina ya rasu ya ɗauko ni na dawo gidansa, na zauna da shi da matarsa. A nan na ga yadda ake yin littafi, kuma wallahi daka ya fi shi sauƙi. Ƙananan katuna ne cike da gwangwanayen madara, kowane kati magana ɗaya da inda aka samo ta. A ƙasan kowane shafi yana yin wani siririn rubutu kamar jerin tururuwa, shi ake kira hashiya, a nan yake faɗin wanda ya ce da littafin da ya ce a ciki. Wannan hali ya bi shi har tsakar gida. Ka ce masa za a yi ruwa, sai ya ce, "Wa ya faɗa? A ina ka gani?" Wata rana na ce masa maƙwabciyarmu ta haihu, ya ce a ina na gani. Na ce, "Yaya, ni na yanke cibiyar." Sai ya ce, "To wannan hashiya ta yi ƙarfi."

Ranar Alhamis in ba shi da aji yakan ce in shirya mu je Uhudu ziyara. In mun gama addu'a sai mu koma inuwar masu sayar da na'ana'a da turare, ya saya mini shayi, ya ba ni labarin mutanensa. Ba ya raina ni don ban yi karatu ba. Ya ce in na gane, to ya rubuta daidai, in ban gane ba ya koma ya sake. Ga abin da ya faɗa mini, kuma na riƙe shi kamar karatun salla.

Wai Rumawa da can suna da sarakuna, har aka zo kan wani mai girman kai wanda ba ya shawara da kowa. Ana nan, ana nan, sarki ya fita yaƙi da 'ya'yansa. Sai ɗansa ya sulale daga sansani ya je gidan wani ɗan uwansu da ya san ba ya nan. Matar gida ta karɓe shi da mutunci, ta ba shi abinci da wurin kwana. Shi kuma ya zare takobi ya ci mata mutunci. Gari na wayewa ta aika a kira ubanta da mijinta, ta faɗa musu komai da bakinta, ba ta ɓoye ko kaɗan ba, ta sa suka rantse ba za su bar maganar ta mutu ba. Sannan ta soka wa kanta wuƙa. Na ce subhanallahi, ai wannan haramun ne. Ya ce, "Haramun ne, kuma ba su san Allah ba. Amma ni ba liman aka ɗauke ni in yi mata salla ba, abin da ya faru nake rubutawa." Aka ɗauki gawarta aka kai tsakiyar kasuwa, gari ya gani, gari ya tashi. Da sarki ya dawo ya iske ƙofar ganuwa a rufe. Suka kore shi da shi da 'ya'yansa, suka rantse ba su ba sarki har abada.

Na ce to wa ke riƙe gari? Ya ce mutum biyu suke zaɓa, shekara ɗaya tak, in ɗaya ya so yin ɓarna ɗayan ya taka masa birki, ga kuma majalisar dattawa a kansu. Ya ce har talakawansu sun taɓa yin fushi da masu hali suka fice daga gari suka hau wani tudu suka zauna, ba noma ba yaƙi, sai da aka bi su da lallashi aka ba su wakilansu. Ya nuna mini dutsen Uhudu ya ce, "Nasu bai kai rabin wannan ba." Haka suka zauna shekaru ɗaruruwa babu sarki. Wannan zaman shi ake kira jamhuriya, kuma shi ne littafin Yaya tun daga bango har bango.

Da farko abin ya tafi lafiya. Mujallar malamai a Masar ta buga masa guntaye a kan dokokin Rumawa da hanyoyinsu, aka aiko masa, ya riƙa shafa takardar kamar kan jariri. Amma kafin ya gama babban littafin sai mutanen Farisa suka kori nasu sarkin, suka kira ƙasarsu jamhuriya. Daga ranar kalmar nan ta zama garwashi a bakin kowa a ƙasar nan, balle a bakin baƙo mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama.

Yana da wani abokin aiki, mutumin Kano, mai laushin murya da ƙamshin turare, wanda ya san kowa kuma kowa ya san shi. Shi ya kai littafin gaban lajana, wato taron malaman da ke duba littafi kafin a yarda a buga. Ranar da ya kawo amsa ina tsakar gida ina tsince shinkafa, ƙofar ɗakin Yaya a buɗe.

Ya ce, "Malam, albishirinka. Sun karanta, sun yaba. Wani ma cewa ya yi hashiyarka kaɗai littafi ce. 'Yan gyare-gyare ne kawai."

Yaya ya ce, "Ina ji."

"Kalmar nan ta kan bango."

"Jamhuriya?"

"Haba Malam, sassauta murya, taga a buɗe take. A sa tsohon zamanin Rumawa, shi ke nan."

Yaya ya ce, "Bango riga ce. Na ba ku riga. Sai me?"

"Sai labarin matar nan. Ka san ɗalibai za su karanta. Ga fyaɗe, ga kisan kai. A tsallake shi."

"In an tsallake ta, me ya sa aka kori sarkin?"

"Yauwa, ka kawo mu wurin. Ba sai an ce kora ba. Ka ce ya yi murabus."

"Wa ya faɗa? A ina ka gani?"

Abokin ya yi dariya ya ce, "Malam, kamar ba Bahaushe ba? Mu a gida sarki nawa aka tuɓe a kan idonmu? Ka taɓa jin mai hankali ya ce an kore shi? Murabus ake cewa. Kowa ya san abin da ake nufi, kowa ya tashi da mutuncinsa. Larabci ma yana da kalmar, mai kyau, mai ladabi."

Ban taɓa jin muryar Yaya ta kai inda ta kai ranar ba. Ya ce, "Wanda ya yi murabus ba ya zuwa ya aro rundunar maƙwabta ya dawo yaƙar garin da ya bari! Mutanen nan ƙofa suka rufe masa. Ladabin fadarku ku riƙe abinku, kada ku sa shi a bakin matattun da ba su san shi ba. Mai karatu a nan ba zai san abin da ake nufi ba, zai ɗauka gaskiya ne, don ya ga hashiyata a ƙasa."

Abokin ya ce, "Kalma ɗaya ce fa."

Yaya ya ce, "Shahada ma da kalma ɗaya ake rushe ta. Sha shayinka."

Bai sha ba. Ya fito ya wuce ni yana cewa, "Hajiya, ki yi wa yayanki magana." Na ce, "Alhaji, ni shinkafa nake tsincewa, kuma tsakuwa nake fitarwa, ba sawa nake ba."

Daga nan littafin ya koma akwati. Ya aika Bairut, Bairut tana cin wuta. Ya aika Masar, suka ce ba kasuwa. Idonsa ya fara hazo, amma duk ranar da babban ɗansa ya dawo daga gidan waya sai ya ɗaga kai ya ce, "Akwai?" Ɗan ya ce, "Ma fi, ya Baba," wato babu. Shi wannan ɗa a Madina aka haife shi, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Yana aikin akawu a wani kamfani, yana zaune a unguwar Khalidiyya da iyalinsa. Ana gobe Yaya zai cika ya riƙe hannunsa, ina zaune a bakin gado, ya ce, "In ba yadda na rubuta ba, kada a buga. Gara gara ta cinye shi." Ɗan ya ce, "Hadir, ya Baba," wato ya ji ya ɗauka. Da kunnena na ji, ba wani ya gaya mini ba.

Matar Yaya ba ta daɗe da fita takaba ba sai ɗan ya aiko mota a kai mu Khalidiyya, wai akwai abin farin ciki. Muka iske an yanka rago, an dafa shinkafa tire-tire, ga abokin nan na Kano a kan kujera mafi girma. Da aka ci aka sha sai abokin ya sa aka kira ni bakin labule, ya miƙo mini wani abu da hannu biyu. Littafi ne, kore, mai ƙamshin sabuwar takarda, da rubutun zinariya a bango. Ya ce, "Hajiya, ga Malam ya dawo. Wata maɗaba'a a Jidda ta buga. Ga sunansa nan."

Na shafa sunan da yatsa. Ba zan yi ƙarya ba, sai da hawaye ya zubo mini. Sannan na miƙa wa ɗan na ce, "Buɗe mini wurin da sarki ya dawo daga yaƙi."

Ya ce, "Ba'adain, ya Amma, akwai baƙi," wai in bari sai an jima.

Na ce, "Baƙin ma su ji. Buɗe."

Ya buɗe ya karanta da sauri kamar mai tsallake kwata. Na ce, "Ni Larabcin kasuwa nake ji. Faɗa mini da harshen ubanka."

Ya dubi abokin, abokin ya dubi silin. Can ya ce, da Hausarsa mai nauyi, "Sarki ya tsufa, Gwaggo. Ya yi murabus."

Na ce, "Matar fa?"

"Wace mata?"

"Wadda aka kai gawarta kasuwa."

Ya ce, "Ba ta ciki."

Na ce, "Jerin tururuwar nan na ƙasan shafi, yana nan?"

Ya ce yana nan. Ashe sun bar hashiyar. Sun cire gaskiyar sun bar shaidunta a tsaye, suna shaida a kan abin da ba su gani ba.

Abin da na faɗa a falon nan ba duka zan maimaita ba. Na dai tuna na ce wa abokin, "Ka zo masa yana da rai ya kore ka, shi ne ka jira ya kwanta inda ba zai iya tashi ba?" Ya ce, "Hajiya, alheri muka nufa. Da haka da a ce aikin shekaru ya ruɓe a akwati fa?" Na ce, "Mai akwatin ya zaɓi ruɓa. Kai wa ya naɗa ka waliyyinsa? In littafin ya yi maka kyau haka, cire sunansa ka sa naka." Ya ce an riga an buga, an rarraba shaguna, har makarantu sun karɓa.

Ɗan ya biyo ni har bakin matakala. A nan ya bar Larabci, ya yi mini Hausa tsantsa, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce, "Gwaggo, a garin nan aka binne cibiyata, amma duk shekara sai na je na roƙi a sabunta mini zama. Kafilina, wanda zamana ke hannunsa, in ya yi tari sai na kwana ban ci ba. An ce mini takardun nan a gida haɗari ne. In aka kore ni, ina zan kai yaran nan? Katsinar da ban taɓa gani ba? Kuma na so a san Baba ya yi wani abu a duniya."

Na dube shi, na ga hancin Yaya, na ga goshin Yaya. Na ji tausayinsa, har yanzu ina ji. Amma na ce masa, "Tsoro ya ce ka ɓoye, na yarda. Ko ƙonawa ka yi zan ce yaro ne ya firgita. Tsoro bai ce ka buga ba. Ina na rubutun hannun ubanka? Ba ni in tafi da shi."

Ya sunkuyar da kai. Wai an kai maɗaba'a gaba ɗaya, da katunan da komai, kuma da suka gama aiki sun share ɗaki. An tambaya, an ce babu.

To jama'a, kun ji. Wanda ya sayi koren littafin nan a shagunan bakin Harami, ya sani ba maganar Yaya ce a shafin nan ba. Akwai mace a labarin, an zalunce ta, ta faɗa da bakinta, kuma saboda ita aka rufe wa sarki ƙofa. An kashe ta a garinsu sau ɗaya, malaman garinmu sun sake kashe ta da jan biro, sun sa hannun mamaci a ƙasa.

Ya Allah, ka ga bawanka ya ƙi ƙarya yana da rai, kada ka tambaye shi wadda aka yi da sunansa bayan ya mutu. Ka yalwata masa makwanci, ka mayar masa da hasken idon da ya ƙarar. Ɗansa kuma ka cire masa tsoro, ni ka cire mini abin da ke ƙirjina, don na gwada na kasa.

Ranar Juma'a nakan sa a kai ni Baƙi'a, inda aka binne shi. Mata ba sa shiga, sai in tsaya a bayan katanga in leƙa ta tsakanin ƙarafa. A Baƙi'a ba a rubuta suna a kan kabari. Tudun ƙasa ne da ɗan dutse, da tudun ƙasa da ɗan dutse, har iyakar ganinka, ga tattabaru suna kiwo a kai. Na tambayi waɗanda suka kai shi, kowa ya nuna mini wani gefe dabam. Sai in yi sallama ga duka, in ce wanda yake Yayana a ciki ya amsa. Duk faɗin Madina, wuri ɗaya ne aka rubuta sunansa, da ruwan zinariya, a kan maganar da ya mutu yana ƙin faɗa.